Ƙafar Nafi'u da Saƙon da Na Ɓoye

Sallama ga duk wanda wannan rubutu ya faɗo hannunsa. Sunana Sabi'u, malamin firamare ne ni a Gwarzo, ina kuma taɓa noma a gonarmu ta gado da ke Madadi. Wata bakwai na yi ina jinyar ƙanena Nafi'u da ciwon ƙafa. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai ƙafar ba ta koma yadda take ba, kuma da hannuna a ciki. Shi ya sa nake rubutawa, ko wani zai kauce wa ramin da na faɗa.

Shekara huɗu na ba Nafi'u. Da mahaifinmu ya rasu, ni na tsaya a takardar malanta na kama aiki, shi ya ci gaba har ya zama injiniya. Yana aiki a Saudiyya, a wani kamfani mai tace ruwan teku ya zama na sha. Ba zan ce bai kyauta mana ba. Shi ya sake wa mahaifiyarmu, Inna, rufin ɗaki, shi ya saya mini babur ɗin da nake hawa. Amma Allah ya sani, duk safiyar da na tayar da babur ɗin nan sai na ji haushin cewa ƙanena ne ya saya mini shi.

Kafin ya zo hutun Babbar Sallah, abokan aikinsa suka ja shi wani yawo. Jirgin ruwa suka shiga a Bahar Maliya, kwana shida ba su taka ƙasa ba. A ciki suke ci, a ciki suke sallah, a ciki suke kwana. Sau uku a rana sai su goya tukunyar iska a baya, su sa tabarau da wasu takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa, su nutsa ƙasa su yi kusan awa guda suna kallon duwatsun murjani da kifaye. Ya zo da waya cike da hotuna da bidiyo, gidanmu ya koma kamar gidan kallo.

"Ruwan da ya ci Fir'auna ka shiga, Nafi'u?" in ji Inna, ta dafe ƙirji, amma murmushi take yi.

"Inna, ai da kin ga abin da ke ƙasa. Murjanin da kuke ratayawa a wuya, a can gari guda ne. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, kuma duk masu rai ne. Na ga kunkurun ruwa ya kai faɗin dardumarki."

Matata Hadiza ta riƙe wayar har tuwo ya kama a tukunya. Maƙwabta suna shigowa suna cewa a maimaita musu wurin da kifaye shuɗɗa suka kewaye shi. Ni ina gefe ina gyaran fartanya. Ni ne fa na koya wa yaron nan iyo. Muna yara, in an yi hutu, Gammo ake kai mu gidan ƙanen mahaifinmu, Baba Ɗanlami, mu saci jiki mu tafi dam ta wajen Kabo. Ni nake nutso in ɗebo laka daga ƙasa in nuna, shi yana bakin ruwa yana kuka. Yau shi ne ke ba ni labarin ƙarƙashin ruwa, ni da ban taɓa wuce Kaduna ba.

A cikin hirar ya ɗaga wando ya nuna wata 'yar ƙujewa a saman idon sawunsa na dama. Ya ce ranar ƙarshe igiyar ruwa ce ta tura shi jikin murjani. Ta riga ta bushe, babu wanda ya kula.

Bayan Sallah da kwana uku na ce ya raka ni noma. Ba taimako nake nema ba, so nake in ga ya yi gumi. Ya kuwa yi, har ƙayar aduwa ta karce shi a ƙwaurin ƙafar nan ta dama. Muka yi dariya, na ce, "Ka ga namu murjanin ke nan."

A makon farko wani ƙurji ya fito a gefen idon sawun, ja, mai tauri, ba ya zafi sosai. Na kai shi kemis aka ba shi kafso na kwana biyar. Ya shanye, ƙurjin ya fashe ya fara ruwa. A mako na biyu muka je asibiti a nan Gwarzo. Tun bayan asuba muka yanki kati, sai dab da azahar layi ya zo kanmu. Likitan ya gaji, mutane cike a ƙofa, amma ya tambaya da kyau, ya ce yaya aka yi. Nafi'u ya gyara zama ya fara, "Wato likita, kwanakin baya mun shiga jirgin ruwa a Bahar Maliya..."

Na katse shi. "Likita ba labarin yawon duniya ya tambaye ka ba, ga mutane suna jira. Ranka ya daɗe, ƙaya ce ta soke shi a gona, a gabana aka yi."

"Amma akwai ƙujewar da na yi a teku," in ji Nafi'u.

Likita ya dube ni. Na ce, "Wannan ta warke tun kafin ya zo." Ya rubuta abin da na faɗa, ya ba da allurai da wankin ciwo. Ba na ɗora masa laifi ko kaɗan. Abin da aka ba shi da shi ya yi aiki.

A mako na uku ƙurajen suka zama huɗu, a jere, suna hawa ƙwauri kamar an shuka su a kunya. Nafi'u ya daina taka ƙafar. Hutunsa ya ƙare, ya rubuta wa kamfani neman ƙari. Nan fa 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa a baki. Wata gwaggonmu ta ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son allura, mu daina. Baba Ɗanlami ya zo daga Gammo da ƙullin saiwoyi a aljihun babbar riga. Bayan doguwar gaisuwa ya buɗe ƙafar ya girgiza kai.

"Yaro, ka shiga gidan mutane ba sallama. Ruwa da masu shi. Kwana shida kana kwana a kan rufinsu, kana leƙa musu ɗaki, ka ce za su ƙyale ka?"

Aka yi hayaƙi, aka yi shafi, ɗakin ya yi kwana biyu yana warin garwashi. Ita kuwa Inna nata daban ne. Ta ce ido ne. "Tun da yaron nan ya zo ake kallon wayarsa, ba kowane mai dariya ne mai son ka ba. Wani ne ya sa masa ido. Sabi'u, kai ne babba, zo ka tofa masa addu'ar tsari daga mai hassada." Na durƙusa na riƙe ƙafar na tofa. Bakina ya bushe ƙamas, amma na tofa.

A mako na huɗu zazzaɓi ya kayar da shi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, kaluluwa ta fito, yana sambatu. Aka ba mu gado aka sa masa ƙarin ruwa. Ni na zauna da shi. Ni nake goya shi zuwa banɗaki, ni nake goge masa jiki, ni nake ba shi kunu da cokali. Gonar Madadi ciyawa ta cinye ta, masarar bara ce ta riƙe mu. Shugaban makarantarmu, Allah ya saka masa da alheri, ya raba ajina wa sauran malamai bai taɓa ɗaga mini murya ba. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a kwanakin nan na ji wani irin sanyi a raina. Duk wanda ya shigo, ni yake tambaya. Nafi'u in ya buɗe ido, "Yaya" yake fara cewa. Rabon da ya buƙace ni haka tun yana firamare.

Wayarsa tana hannuna, domin ni nake kai ta caji, ni nake amsa kiran masu gaisuwa. Da rana, in ya samu barci, sai in fita ƙarƙashin darbejiyar asibiti in buɗe bidiyon nan. Wanda a gida na ƙi ɗaga kai in kalla, a nan na kalle shi ya fi a ƙirga. Ruwa garau kamar ba ruwa ba, haske yana saukowa daga sama, Nafi'u yana shawagi a kan murjani ba nauyi a jikinsa, kumfa tana tashi daga bakinsa. In na gama sai in ji kamar in yi jifa da wayar, sai kuma in sake kunnawa.

Ina cikin haka wata Talata saƙo ya shigo. Daga wani Bashir ne, ɗan Sudan, ma'aikacin jinya, wanda suke nutso tare a jirgin, domin a ƙa'idarsu ba a sauka ƙasa sai bibbiyu. Ashe kafin zazzaɓin ya kama shi, Nafi'u ya tura masa hoton ƙafar. Da Turanci ya rubuto, kuma na fahimce shi sarai. Ya ce ƙuraje masu hawa a jere bayan ƙujewar murjani ba abin wasa ba ne, akwai wata ƙwayar cuta ta ruwa da takan yi makonni kafin ta nuna kanta, maganin ciwo na yau da kullum ba ya taɓa ta. Ya ce don Allah a gaya wa likita cewa daga teku ne, a yanki naman wurin a auna.

Na karanta sau biyu, na kashe wayar na sa a aljihu.

Wallahi ba mutuwarsa nake so ba. Na yi ta juya abin a raina daga baya, ga abin da na samu. Na riga na ce wa likita ƙaya ce, ban so wani baƙo daga cikin jirgin nan ya ƙaryata ni. Sannan na ji haushin a ce har ciwonsa ma na ƙasar waje ne, ba irin namu na talakawa ba. Na ce a raina ai ga magani ana ba shi, zazzaɓi ma ya fara sauka, me ɗan Sudan ya sani da likitocinmu ba su sani ba?

Zazzaɓin ya sauka, gaskiya ne. Da Nafi'u ya dawo hayyacinsa ya ce, "Yaya, Bashir bai turo komai ba?"

"Ban gani ba. Ka bar waya ka huta, ido ma yana son hutu."

Kwana goma sha ɗaya saƙon nan yana aljihuna. A cikinsu ƙurajen suka haɗe suka zama gyambo, idon sawun ya ƙi lanƙwasuwa, in an matsa sai wani ruwa mai yauƙi ya fito. A mako na shida aka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano. Muka yi shatar mota, na kwantar da shi a baya ƙafarsa a kan cinyata, kowane rami a hanya sai ya cije leɓe.

A Kano kwana biyu muka yi kafin a samu gado. Hoto nan, jini can, wannan taga ta tura ka waccan. Wani bawan Allah mai jinyar mahaifinsa ya ba ni rabin tabarmarsa a baranda, ban ko san sunansa na gaskiya ba, Ɗan Bichi muke ce masa. Da sakamakon hoto ya fito, likitan ƙashi ya ce ciwon ya ci jijiya yana neman ƙashi. Za a shiga tiyata a kankare, in kuma aka tarar ya wuce inda ake zato, to sai dai mu yi haƙuri. Bai ce za a yanke ƙafar ba, amma kowa ya ji. Inna da na gaya mata a waya, salati kawai take yi.

Ana saura kwana ɗaya a shiga tiyatar, wata likita ta zo, mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana. Nafi'u yana barcin allura. Ta daɗe tana kallon yadda tabon ƙurajen ya jeru, sannan ta kira ni waje.

"Malam, a takarda an ce ƙaya. Ɗan'uwanka yana kiwon kifi? Ko masunci ne? Ya shiga wani ruwa kafin ciwon nan?"

Na buɗe baki in ce ƙaya ce. Sai na hango shi ta taga, an shafa wa ƙafar wani jan magani an yi mata alama da biro a ƙasan gwiwa. Na zaro wayar, na buɗe saƙon, na miƙa mata. Ta karanta, ta duba kwanan watan, ta ɗago.

"Tun yaushe ka ga wannan?"

"Ranar da saƙon ya shigo."

Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta ce, "Abin da nake zargi ke nan. Ƙwayar nan 'yar'uwar ta tarin fuka ce, sai dai ita a ruwa take zaune. Duk maganin da kuka ba shi, ruwan sanyi kuka yi ta ba ta. Ciwo ba ya magana, Malam, mai jinya ne bakinsa." Maganar nan ta ƙarshe har yau tana kunnena.

Aka yi tiyatar, aka kankare, aka ɗebi nama aka tura awo. Ƙashi ya tsira, amma jijiya ɗaya ta riga ta lalace. Ba a jira sakamako ba aka fara masa sabon magani, ƙwayoyi iri biyu, aka ce zai yi watanni yana sha ba fashi. Awon ya ɗauki makonni, ya kuma tabbatar da zarginta. Kafin ma ya fito mun ga bambanci, ruwan ya tsaya, bakin gyambon ya fara ja yana haɗewa. Maganin yana sa shi tashin zuciya, abinci ya daina yi masa ɗanɗano, ya rame har agogonsa yana zamewa. Bayan mako uku aka sallame mu, muna komawa Kano duk bayan sati biyu.

A gida aka koya mini wankin ciwo, kullum da hantsi nake yi masa a tsakar gida. Baba Ɗanlami ya zo ya ga sauƙi ya ce hayaƙinsa ne ya yi aiki a hankali, ba wanda ya musa masa. Wayar kuwa tun a Kano na mayar wa Nafi'u, bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Haka muka yi wata biyu, ina ɗaure masa ƙafa yana cewa sannu.

Wata ranar Asabar, Inna ta tafi barka, Hadiza tana maƙwabta, ina naɗa bandeji sai na ji ba zan iya ci gaba ba. Na ce, "Nafi'u, akwai maganar da zan gaya maka. Saƙon Bashir ya zo tun muna asibitin Gwarzo. Na karanta na ɓoye."

Bai ko motsa ba. "Na sani, Yaya."

"Ka sani?"

"Waya tana nuna ranar da aka buɗe saƙo. Bashir ma ya sake rubutowa, ya ce ya ga an karanta, me ya sa aka yi shiru."

"To me ya hana ka magana duk tsawon nan?"

"In na yi magana wa zai kai ni banɗaki?"

Na sunkuyar da kai. Ya dubi ƙafar ya ce, "Me na yi maka?"

Na ce ba ka yi mini komai ba. Na gaya masa gaskiya yadda ta zo bakina, ba tsari: karatun da na bari, babur ɗin, dam ɗin Kabo, bidiyon da nake ɓoyewa in kalla. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Da ka ce kana so, da na kai ka tekun. Na ɗauka kana raina abin ne." Ya ɗauki sandarsa ya miƙe da kyar, na kai hannu zan taimaka ya ce in bari. A bakin ƙofa ya juyo. "Zan yafe, Yaya, amma ba yau ba. Inna kuma kada ta ji, ba za ta iya ɗauka ba."

Kwana ashirin yana wanke ciwonsa da kansa, a karkace, bandejin yana kwancewa. Ina gani ba halin in taɓa. A rana ta ashirin da ɗaya ya miƙo mini almakashi da auduga ya ce, "Ɗaurinka ya fi zama. Na yafe."

A zuwanmu Kano na ƙarshe likitar ta ce ciwo ya mutu, amma idon sawun ya sandare, da ɗingishi zai zauna. Nafi'u ya tambaye ta batun nutso. Ta ce ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ba za ta tura shi a ruwa mai igiya ba, ita dai ba ta ba shi shawara ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa, ina tsaye a bayansa riƙe da jakar magani, sai na ji wani ɗan daɗi ya gifta mini a zuciya, kamar ƙiftawar ido. Na yi istigfari nan take, har yau ina yi. A nan na gane shi ya warke, ni da saura.

Don haka ga abin da zan ce wa mai karatu. In ciwo ya ƙi jin magani, a gaya wa likita duk inda mai shi ya taka, ko teku ne, ko dam, ko kududdufin kifi, ko da ƙujewar ta bushe tuntuni. A bar marar lafiya ya faɗi labarinsa da bakinsa, komai tsawon layi. Kuma kafin ka karɓi jinyar ɗan'uwanka, ka duba abin da ke ranka game da shi, domin duk abin da ka ɓoye zai bi ka har bakin gadonsa.

Kamfanin bai kore shi ba, sun mayar da shi aikin ofis. Ranar da zai koma, dangi suka cika tsakar gida, har Baba Ɗanlami. Inna ta riƙo hannuna a gaban kowa ta ɗaga.

"Ku shaida, wannan ne ya ceci ƙafar ƙanensa. Ya bar gonarsa, ya bar aikinsa, ya goya shi kamar uwa. Sabi'u, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi masa."

Tsakar gida ta ɗauka da amin. Ni na kasa. Na dubi Nafi'u yana jingine da sandarsa, shi ma ni yake kallo. Ya bari sai da kowa ya yi shiru, sannan ya ce, "Inna, a tsaya a albarkar kawai. Amin." Mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasan wa da ƙane ne. Na ɗauki akwatinsa na yi gaba zuwa mota.